Ɗan Farin Haƙarƙari

A shekarar da muka fara shiga ɗakunan marasa lafiya, na faɗi jarrabawar duba ƙirji. Malamarmu, likita ce mai ƙarancin magana, ta tsayar da ni gaban gadon wata baiwar Allah ta ce in nuna mata inda zuciya ke bugun bangon ƙirji. Na san karatun. A sa yatsa a ɗan ramin nan na gindin wuya, a gangaro kamar faɗin yatsu uku har a ji wani ɗan tudu a ƙashin tsakiyar ƙirji, a zame gefe a taɓa haƙarƙari, a ƙirga zuwa na biyar, bugun yana ƙarƙashinsa. Na yi haka, na danna, ban ji komai ba.

"Daga nawa kika fara ƙirga?" in ji malama.

"Daga ɗaya."

"Haƙarƙarin da ke gefen tudun nan na biyu ne. Kin sauka ƙasa da zuciyar matar nan. Ki dawo bayan mako guda. In kin sake, sai maimaita shekara."

Na san na biyu ne, a littafi na sha karantawa. Amma da zarar yatsana ya taɓa ƙashi sai bakina ya ce ɗaya, yadda ya saba a kan carbi tun ina ƙarama.

A gidan kakata na tashi, mahaifiyar Inna, a Ƙofar Taramniya. Ni ce 'yar fari, aka yaye ni aka kawo ni, ban koma ba. Inna tana Runjin Sambo da ƙannena, tana zuwa ranar Juma'a. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son ruwa sai ta dubi bango ta ce, "A miƙo min moɗa," in tashi in miƙa. In za ta tambayi lafiyata Kaka take tambaya, ina zaune: "Waccan tana cin abinci kuwa?" Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta, ba wanda yake ganin abin mamaki. Ni ma ban ɗauke shi ƙiyayya ba. Sai dai nakan ga autarmu ta kwanta a cinyarta ana tsefe mata kai, in tsinci kaina ina kallon inuwar darbejiya na tsawon lokaci.

Makon nan Kaka ta zama majinyaciyata. Kullum bayan la'asar, in zafi ya ɗan sassauta, sai ta zauna a tabarma in bi ta daga sama. Ƙashin bayan kunne. Kusurwar muƙamuƙi. Jijiyar da ke harbawa a gefen maƙogwaro. In ce ta sunkuyar da kai, in lalubo ƙashin da ya fi fitowa a ƙasan ƙeya.

"Ke, a hankali," ta ce. "Wuyan mutum na, ba na zabo ba. Likitan da anka kora tun ba ta hwara ba."

"Ba a kore ni ba, tsohuwa. Mako guda aka ba ni."

"Mi kika yi musu?"

Na gaya mata. Ta saki baki tana kallona.

"Wane irin lissahi na wanga, a hwara daga biyu? Na ɗayan ina ya tahi?"

"Yana nan. Ya ɓuya ne ƙarƙashin ƙashin wuya, hannu ba ya kai gare shi sosai. Amma shi ne na farko, sauran duk daga shi aka san matsayinsu."

Kaka ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "To ai ɗan hwari na! Shina nan, an san da shi, ba a kiran sunanshi. Ke da kanki ba ki gane ɗan'uwanki ba?"

Na yi dariya tare da ita. Na kai hannu na taɓa nawa ƙashin wuyan, ina jin akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ban iya kamawa.

Matsalar Kaka ita ce rama. Haƙarƙarinta a fili suke kamar sandunan asabari, ko daga bakin ƙofa za ka ƙirga su. Matar da aka ba ni a jarrabawa kuwa mai jiki ce, dole sai yatsa ya nutsa ya nemo. Na faɗa wa Kaka haka ranar Juma'a, ban lura Inna ta idar da sallarta tana naɗe darduma a bayana ba.

"Ga mai jiki nan Allah ya kawo," in ji Kaka. "Shiga ɗaki ki kwanta, a duba ki."

"Haba Inna," ta ce wa tata mahaifiyar, tana jan mayafi. "Ni lafiyata lau."

"Wa ya ce ba ki da lahiya? Aron ƙirji za ki ba da. In ta maimaita shekara, ke za ki zo ki rarrashe ta, ni na gaji."

Inna ta daɗe a tsaye. Daga baya ta shiga ɗakin ba tare da ta dube ni ba, ta kwanta a gadon Kaka, ta juya fuskarta bango, ta sassauta wuyan rigarta.

Na wanke hannu na shiga. Ban san da wace kalma zan nemi izini ba. A asibiti mukan ce, "Mama, zan taɓa ki." Na ce, "Inna, hannuna da sanyi." Ta ɗaga kai kaɗan.

Iyakar sanina, rabon fatata da tata tun yaye. Jikinta da ɗumi, da ƙamshin turaren wuta da ɗan gumin hanya. Na sa yatsa a ramin gindin wuyanta, na ji ta haɗiye yawu. Na gangaro. Tudun bai fito da wuri ba, sai da na danna na koma sama na sake saukowa. Da na same shi na zame hagu, ƙashi ya tare yatsana. Bakina ya buɗe zai ce ɗaya. Na tsaya. Na tuna da wanda ke can sama a ɓoye, na bar shi a inda yake.

"Biyu," na ce.

Uku. Huɗu. Biyar. Na roƙe ta ta ɗan ɗaga mamanta da hannunta, ta ɗaga. Na auno tsakiyar ƙashin wuya da ido, na biyo shi ƙasa, na kwantar da yatsuna a tsakanin ƙasusuwan. Sai ga bugun yana taɓo ni, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa ba ya son a ji a waje. Yana sauri fiye da na mutumin da ke kwance lafiya lau. Na san dalili, don nawa ma haka yake yi. Na bar hannuna a wurin ya ɗan wuce lokacin da karatu ya ce, ita kuma ba ta motsa ba.

"An samu?" ta tambayi bango.

"An samu."

Ranar Litinin aka ba ni wata dattijuwa mai jiki fiye da Inna. Na fara daga biyu. Malama ta ɗora nata yatsun inda nawa suke, ta gyaɗa kai, ta wuce gado na gaba.

Juma'ar da ta biyo Inna ta zo da ƙullin dabino. Ta gaida Kaka, ta zauna, ta gyara mayafi. Ina tsakar gida ina wanke kwanuka na ji ta rage murya.

"Waccan ta ci?"

"Tambaye ta mana, ga ta nan," in ji Kaka.

Ba ta tambaye ni ba. Ta tura dabinon gefen tabarma, wajen da nake zama.