Maikano, Mai Raba Gida da Rinar Ƙasa

Idan aka sallame sallar asuba a Unguwar Ya, kowa gona yake nufa ko turken shanu. Malam Maikano shi kekensa yake jawowa. A bayan keken akwai buhu ɗaure, a ciki da zugazugin da ya samo wurin maƙera, da busasshen kashin shanu, da barkono, da curin laka a leda. Shekara ashirin da shida ya yi yana wannan fitar. Ba shi da shago, ba allo a ƙofar gidansa, amma daga Wurno har ƙauyukan Gwaram, duk gidan da aka ga rina tana shiga tana fita ta wani huji a ƙasa, sunansa ake fara ambata.

Rinar ƙasa ba kamar mai rataye gidanta a rufin ɗaki ba ce. Tsohon ramin ɓera take samu, ko gindin rumbu, ta yi gini a ciki, a waje ba ka ganin komai sai huji kamar bakin kwalba. Mu kuwa, Allah Ya shirye mu, da mun ga hujin sai hannu ya fara ƙaiƙayi. Wani ya tuttula tafasasshen ruwa, wani ya zuba fetur ya ƙyasta ashana, wani ya danna dutse ya tafi yana ganin ya yi jarumta.

Maikano ba ya yi wa masu yin haka dariya, don shi ma ya yi. Yana matashin magidanci ya ga irin wannan hujin a bayan turkensa, ya sa aka tafasa masa ruwa da rana tsaka ya antaya. Bai san ramin yana da ƙofa ta biyu ba, a gindin darbejiyar da 'yarsa Hafsat, 'yar shekara huɗu, take wasa. Ta can rinar ta fito ta rufe yarinyar. A kan amalanke ta cika, ba su kai Birnin Kudu ba. Ba ya ba da labarin nan, maƙwabta ne suke bayarwa, su ma da murya ƙasa ƙasa. Bayan kwana arba'in aka fara ganinsa tsugune nesa da ramukan rina a jeji yana kallo, tun safe har yamma. Wasu suka ce baƙin ciki ya taɓa shi. Ashe karatu yake yi.

Abin da ya koyo ba shi da yawa, sai dai yana cin haƙuri. Yini guda yake yi yana kallon inda suke shiga. Washegari da sanyin asuba, suna ciki duka ba su warware ba, ya busa ɗan hayaƙi kaɗan a bakin ramin, ya zagaya yana neman inda hayaƙin zai ɓullo. Can ce ƙofa ta biyu, wani lokaci har da ta uku. Sai ya liƙe su da laka, sannan ya cika ramin da hayaƙin kashin shanu da barkono, ya toshe. Kwana ya zagayo ya dawo ya tone saƙar, ya cike gurbin da tsakuwa. Masu gida kan gaji da shi. Wani ya taɓa ce masa, “Malam, aiki muka kira ka ko zaman gadi?” Ya ce, “Alhaji, ka kwashe yaranka zuwa maƙwabta, ka bar ni da gadina.”

Harbi kam ya sha shi. A daminar bara guda ɗaya tak ta same shi a wuyan hannu, abin da a da ko sosawa ba ya yi, sai ga shi a ƙasa yana neman numfashi. Likita a Birnin Kudu bai ɓoye masa ba. “Baba, jikinka ya daina ɗaukar dafin nan. Wani harbin yana iya shaƙe maka maƙogwaro kafin a kawo ka.” Matarsa Zahara'u tana wurin. Suna komawa gida ta jefa buhun cikin rumbu, ta ce in dai tana da ƙima a idonsa, ya bari. Ya yi mata alkawari, ya kuwa riƙe shi wata huɗu.

Da kaka ya je bikin suna a wani ƙauye kusa da Gwaram, hannu rabbana, ko leda bai riƙe ba. Ana tsakiyar cin abinci bayan azahar sai ihu ya tashi a gidan da ke kallon gidan sunan. Mai gidan, Safiyanu, shi ya ba da labarin da bakinsa, kuma har yau in yana bayarwa ba ya iya ɗaga kai. Da safe ya ga huji a gindin katanga, ya ɗauko tsohon turmi ya kifa a kai, ya tattake gefen da ƙasa, ya tafi gona hankali kwance.

Da jin ihun Maikano ya tsallaka gidan, ya dubi turmin, ya ce wa Safiyanu, “Ka rufe musu nan. Ina ɗayar?”

“Wace ɗayar, Baba?”

Ɗayar tana ƙarƙashin gadon mahaifiyar Safiyanu, Inna Kubra, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu. Mata sun kwashi yara sun fice. Maza sun yi cirko cirko a tsakar gida, ɗakin yana ruri da rina, tsohuwa tana kiran sunan Allah da muryar da ba ta fita sosai. Wani ya kawo damin kara zai kunna a bakin ƙofa.

“Kashe wutar nan!” in ji Maikano. “Hayaƙin zai gama da ita kafin ya taɓa su. Ku jiƙo mini bargo.”

Wani ɗan'uwansa da ya san maganar likita ya riƙe masa hannu. “Yaya, ka tuna fa abin da aka gaya maka.”

“Na tuna. To cikinku wa zai shiga?”

 Maikano ya lulluɓa da jiƙaƙƙen bargon ya shiga. Da ya fito, bargon yana jikin Inna Kubra, ya nannaɗe ta da shi har kai, yana ɗauke da ita a kafaɗa. Shi kuwa wuyansa da fuskarsa baƙi ƙirin da rina. Ya sauke ta a zaure a hankali, ya zauna yana neman numfashi. A kan babur aka kai shi asibiti a Gwaram, mutum ɗaya yana tallafe da shi ta baya. Aka yi masa allura, aka wuce da shi Birnin Kudu, ya kwana tara. Inna Kubra ta tashi da kumburi, tana nan da ranta.

Kai ne, Maikano, ka san abin da ke jiranka a ɗakin nan fiye da duk wanda ke tsaye a wajen, ka shiga. Kai ne ka cire abin da ka kare kanka da shi ka rufa wa tsohuwar da ko sunanta ba ka sani ba. Na Zahara'u, mai haƙurin tsugunno, ba mu da abin da za mu saka maka da shi. Mun gode. Allah Ya biya ka, Ya ba ka lafiya.

Amma godiya ta baki tana da sauƙi, kuma ya kamata mu ji kunya. Shekara ashirin da shida, a garuruwan nan cike da majiya ƙarfi, ba a samu mutum ɗaya da ya zauna ya koyi aikin ba. Yanzu yana zaune a ƙofar gida, muryarsa ta dushe, idonsa na hagu yana gani dishi dishi. Duk wanda ya je zai koya masa, baki da baki, daga nesa. Samarin Birnin Kudu da Gwaram, ku je. Abin da ake bukata ido ne da haƙuri.

Ranar Laraba wani manomi daga Wurno, Manu, ya zo masa da labarin rami a bakin rijiyar da matan unguwarsu ke ɗiban ruwa. Maikano ya zayyana masa komai, sau biyu. Manu ya ce, “Gaskiya, Baba, ina da iyali.” Zahara'u tana jin su daga cikin zaure, tana kuka ba sauti.

Maikano ya ce, “Ka hana mata da yara zuwa wurin. A yi shela a masallaci ranar Juma'a, ko Allah zai sa wani ya fito. In ba a samu kowa ba zuwa Litinin, ka turo babur ya ɗauke ni.”

Yau Asabar, har yanzu ba wanda ya zo.