Sunan da Na Je Gani a Allon Riyad

Ranar Alhamis, muna idar da sallar asuba muka bar Jidda, ni da ƙanin uwargidana wanda ya ja motar. Masu bibiyata da suka ji ni shiru, ga dalili: ɗana na fari, mai gyaran lantarki a dogayen benayen unguwar Ulaya, ya rasu a Riyad wata huɗu da suka shige. Ina kwance a asibiti aka yi jana'izarsa. Na tafi ne in ziyarci kabarinsa, in kwaso kayansa, in kuma ga wani abu da ya shekara uku yana roƙona in je in gani.

Hawan duwatsun Ɗa'ifa ya sa motar nishi. Daga nan ƙasa ta miƙe, ba komai sai rairayi da raƙuma a bayan shingen waya. Sau biyu 'yan sanda suka duba iƙamarmu, wato takardar izinin zama, suka sallame mu. Da azahar muka tsaya wani gidan mai muka ci kabsa, dafa-dukar shinkafar Larabawa, da rabin kaza riyal goma sha biyar, shayi riyal guda. Abokin tafiyata ya tauna ya tauna, ya ce wannan kaza ta girme shi. Na ce to ya ci ta da ladabi.

Magariba ta yi mana a unguwar Batha cikin Riyad, inda harshe goma ke tashi a lungu guda, masu aika kuɗi gida sun yi layi har bakin titi. Marigayin yana zaune ne ɗaki ɗaya da wani direba mutumin Damagaram, amininsa. Shi ya tarbe mu, ya durƙusa ya yi mini ta'aziyya, sa'an nan ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai mota, tsawonta bai kai kamu guda ba, an goge ta tas, tayoyinta a jere cikin tsumma. Irin wadda ake tuƙawa daga nesa ce. Kowace Juma'a marigayin yakan kai ta tsere, yakan kuma kira ni ya ce, "Baba, ka zo ko sau ɗaya ka ga sunana a allo." Amsata ba ta taɓa sakewa ba: mai gemu ba ya wasa da motar yara.

Da hantsin Juma'a muka je maƙabarta. Ba zan faɗi kome a kan wannan ba.

Bayan la'asar aminin ya kai mu filin tseren, can bayan gari ta arewa. Na zaci yara zan tarar, sai ga magidanta, Larabawa da Filifinawa da Indiyawa, har da mai furfura irin tawa. Shekara talatin da bakwai ina gyaran agogo, saboda haka abin da ya fara jan hankalina shi ne yadda suke auna lokaci. Kowace mota tana ɗauke da 'yar na'ura kamar ƙwayar dabino, suna ce mata tiransifonda, kowace da lambarta. An binne waya a ƙarƙashin layin farawa. Duk sa'ad da mota ta ƙetare, wayar ta kai lambar ga wani akwati, akwatin ya fitar da sunan mai motar da lokacinsa a babban allo.

Aminin ya ajiye motar marigayin don gwaji. Ta zagaya sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sunayen mutane na hawa suna sauka a allo, nasa bai fito ba.

Mai kula da filin, wani Balarabe mai sanyin hali, ya duba 'yar na'urar ya girgiza kai. Ya ce lafiyarta lau. Kamfani biyu ne ke gasa a wannan sana'a. Na farko shi ke yin akwatin, na'urarsa da tsada. Na biyu ya fito da mai araha wadda akwatin na farkon ke ganewa, masu ƙaramin albashi suka koma gare ta, cikinsu har da ɗana. Sai na farkon ya ƙera sabon akwati wanda ba ya sauraron na'urar kowa sai tasa. Wata biyu ke nan da filin ya sauya akwati, rajistar sunaye ma ta tafi tare da tsohon akwatin.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji aminin. "Tun da ya rasu ban sake tako nan ba, shi ya sa ban san an sauya ba."

Balaraben ya ce akwai ta aro, zai ɗaura mana kyauta, amma sai an shigar da mai motar kamar baƙo. Ya zauna gaban kwamfutarsa, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ya Hajji, yaya sunansa?"

Ku da kuka taso a gidajenmu na da kun san abin da ya tambaya. Ni Bakatsine ne, a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari. Shekara talatin da huɗu ina ce masa "kai" ko "wannan yaro". Aminin ya san haka, ya buɗe baki zai amsa a madadina. Na ɗaga masa hannu. Na faɗi sunan da bakina. Muryata ba ta fita sosai ba, Balaraben ya ce in sake, na sake.

Motoci takwas suka tashi, tseren minti biyar ne. Abokin tafiyata ya ce aminin bai iya tuƙi kamar mai motar ba, sau biyu tana kifewa ana tayar da ita. Ni ban gani ba, idona na kan allo. Sunan ya fito na bakwai, ya hau na shida, ya dawo na bakwai, a nan aka tashi. Mutanen filin suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu. Wani ya ce marigayin ne ya koya masa walda da dalma, wani ya ce bai taɓa barin mutum ya tafi gida da lalatacciyar mota ba.

Asabar muka juyo. Motar na bar wa aminin, 'yar na'urar ɗana kuwa na sa a aljihu. Tun daga Riyad har Ɗa'ifa ina ta faɗa a kan kamfanonin nan da kwaɗayinsu, yadda rigimar 'yan kasuwa a wata ƙasa ta share lambar bawan Allah, abokin tafiyata na cewa haka ne, haka ne. Da muka fara gangaro duwatsu sai na ga inda maganar ta dosa. Tsohon akwatin nan bai taɓa ƙin ɗana ba. Shekara uku, kowace Juma'a, yana karanta lambarsa yana kafa sunansa a allo ga duk wanda ya zo. Ni ne ban zo ba.

Mun iso Jidda bayan la'asar. Uwarsa ta tambaye ni ko na gani, na ce na gani. Wanda ɗansa ke kiransa ya zo ya ga wani abu, komai ƙanƙantarsa a idonsa, ya tashi ya je tun ana kiran. Allah ya jiƙansa, ya gafarta mini.