Ɗahiru da Minti Biyun Baba Shekara

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga Nuwamba 2024, da hantsi, Hadiza ta kira ni daga Damagaram ta ce mijinta Malam Ɗahiru ya cika, bayan jinyar kwana huɗu kacal. Ina cikin lambu a Dungu, hannuna duk taɓo. Na zauna a bakin rijiya.

Ɗahiru, ni Sallau ne, sakataren ƙungiyar masu lambu, ɗalibinka mai taurin kai. Ka same mu muna ɗaukar bidiyo da waya kamar masu korar ƙuda, hannu na rawa, hoto na tsalle. Ba ka yi mana dariya ba sai daga baya. Ka ce a kwantar da waya, a manna gwiwar hannu a ƙirji, a ƙirga goma kafin a motsa. Ka hana mu tsayar da mutum rana na bayansa, don fuska takan koma baƙi ƙirin. Ranar da na ɗauki hira a tsakiyar kasuwar Matameye, ka saurara ka ce, "Sallau, wannan hirar jaki ce ko ta mutum?" Tun daga ranar nake neman wuri mai shiru, in matso da waya kusa da bakin mai magana. Mutane sukan yafe hoto maras kyau, in ji ka, amma ba sa yafe muryar da ba su ji ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dokarka ta sa wa kowace ɗauka suna: rana, wuri, da mai magana, sannan a ajiye ta wuri biyu. Na sha ce maka wannan aikin malaman ofis ne.

Ka rasu ka bar mana aiki a tsakiya. Mako biyu ya rage mu nuna wa masu tallafi bidiyon minti biyar, su duba ko za su ba mu injin ban-ruwa. Duk wanda ya ga abin da muka ɗauko ya san inda ƙarfinsa yake: minti biyun Baba Shekara. Dattijo ne mai shekara saba'in, mai faɗa a ji a unguwarsu. Ka tambaye shi game da ƙafewar rijiyoyi kawai, sai magana ta ƙwace masa. Ya ce irin dankalin turawa da ƙungiya ta ba shi bara bai shuka ba, dafa wa jikokinsa ya yi, sannan ya ce wa mutane tsutsa ce ta cinye. Ya faɗa yana hawaye.

Bayan sadakar uku Hadiza ta miƙo mini kwamfutarka. Na buɗe don in haɗa bidiyon, sai na ga ka canza sunan wannan ɗaukar. Ka rubuta: "Shekara, amana, kada a sa." Na tambayi Hadiza. Ta ce dattijon ya zo gida kwana biyu kafin ka kwanta, ya roƙe ka ka rufa masa asiri, ka kuma yi masa alkawari. A nan na gane abin da ya sa a zaman makoki yake ta kallona yana sunkuyar da kai. Bai san ko alkawarin ya bi ka kabari ba.

Na kai wa shugabanmu Alhaji Ummaru maganar. Mutumin kirki ne, amma lambuna arba'in ne a wuyansa. Ya ce, "Sallau, kunyar mutum ɗaya za ta hana mu ruwa? Ai shi ya faɗa da bakinsa, ba wanda ya matsa masa." Na ce a rufe fuskar. Kafin ya amsa na tuna ba wanda bai san muryar Baba Shekara ba daga Dungu har Kance. Wallahi na ji tsoro, Ɗahiru. Na ji haushinka ma, Allah ya yafe mini, da ka tafi ka bar mini wannan kaya. Kwana uku ina sa minti biyun ina cirewa.

Abin da ya cece ni wani naci ne naka. Kullum in an gama hira sai ka ce kada a tashi, a ɗauki hannuwa, a ɗauki guga, a ɗauki ƙasa, wata rana za su cike giɓi. Na tarar da su birjik: guga na fitowa da laka, albasa ta kwanta, wata mata na jan igiya har ta ƙare ba ruwa. Na jera su a gurbin dattijon, ba magana, sai ƙarar igiya.

Ranar nuni ɗakin ya cika, ga baƙi uku a gaba. Alhaji bai san abin da na yanke ba. Baba Shekara ya zauna kusa da ƙofa, ya riƙe sandarsa da hannu biyu, kamar mai jiran hukunci. Da aka zo wurin da ya kamata ya bayyana, na ji Alhaji ya juyo yana hararata. Ban ɗaga kai ba har bidiyon ya ƙare. Baƙin sun yi tambayoyi, sun ce za mu ji daga gare su. Har yau da nake rubutun nan ba mu ji ba, kuma Alhaji gaisuwa kawai ke haɗa mu. In injin bai zo ba, na san sunan wanda za a kira.

Da mutane suka watse na kira dattijon gefe. Na nuna masa ɗaukar a kwamfuta da kuma a katin ajiya, na karanta masa sunan da ka sa mata, na nuna masa inda ake gogewa. Ya sa yatsansa mai kaushi ya danna, sau biyu. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ashe yaron nan ya rubuta." Sai ya ɗaga hannu sama, ni ma na ɗaga.

Allah, Ɗahiru ya rufa asirin bawanka, ka rufa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hadiza, da 'ya'yansa A'ishatu da Yunus, da mahaifiyarsa Hajiya Khadija, da duk ƙananan ƙungiyoyin da ya koya wa riƙe waya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da imani. Amin.