Nazifi, Wanda Ya Bi Ruwa Da Ƙafa Har Ƙarshen Kanal

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga Nuwamba, 2025, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Malam Nazifi Maikano na Tiga, bayan zazzaɓin kwana shida. Ina ba renon tumatir ruwa labarin ya same ni. Na ajiye bokitin na zauna, ban iya tashi ba har aka kira la'asar.

Malam, bari in gaya wa waɗanda ba su san ka ba aikinka. Akwai manhajar nan da wani kamfani ya kawo wa manoman rani, wadda muke ce wa Malamar Waya. Ka tambaye ta da baki, ta amsa da Hausa. Mu mun ɗauka ta san komai. Kai ka ganar da ni cewa kamar baƙon ɗan ƙwadago take, wanda aka ba ɗakin kayan aiki: ga na duba farashi, ga na duba yanayi, ga na duba ranar sakin ruwa, kuma ba ta san kowanne ba sai ta ɗan bayanin da aka rubuta a kansa. In bayanin ya gaza, sai ta yi ɓarna cikin daɗin baki. Aikinka shi ne gwada waɗannan bayanai, ka ga inda suke kai ta.

Ban manta da bara ba. Tun da aka koma sakin ruwa bi da bi, ranar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Baba Lado, dattijon da gonarsa ke ƙarshen kanal kusa da tawa, ya tambaye ta yaushe ruwa zai iso gonarsa. Ta ce Talata. Ya tumɓuke iri ya dasa. Ruwa bai iso ba sai yammacin Alhamis, ya tarar da dashen ya kwanta gaba ɗaya.

Da ka zo, Baba Lado ya tare ka a kan kunyar gona. "Kai ne uban wannan maƙaryaciyar?"

Ka durƙusa ka gaishe shi tukuna. Ka ce, "Baba, ranar buɗe ƙofar ruwa ta gaya maka. Wanda ya rubuta mata bayanin bai taɓa zaman jiran ruwa ba."

"To ka zo ka zauna ka gani, ɗan boko."

Kuma ka zo. Satin da ya biyo muka bi ruwan da ƙafa tun daga ƙofa, kana rubuta lokacin da ya isa kowace gona. Ka ga yadda manoman saman kanal ke tare shi da buhunan ƙasa sai sun ƙoshi. Takalminka ya tsinke, ka ɗaure da leda muka ci gaba. Ni da na tsaya a aji huɗu, ni kake tambaya, kuma kana rubuta amsata.

Ka tara tambayoyi sittin daga bakin manoma, yadda suka faɗe su, ba ka gyara musu harshe ba. Da tsohon bayanin, ta yi kuskure a arba'in da ɗaya. Ka ƙara layi biyu: cewa wannan ranar buɗe ƙofa ce kawai, kuma ta fara tambayar inda gona take. Kuskuren ya dawo uku. Ko ukun nan ba ka yafe mata ba, kana kansu zazzaɓin ya kama ka.

Ka tura wa kamfanin gyaran tun Oktoba, suka ce za su duba. Malam, ba su sa ba. Kwamfutarka tana ɗakin matarka Rufaida a rufe, ba wanda ya san lambar buɗe ta. Lambar kamfanin da na samu a littafinka, na kira har na gaji, ba a ɗauka.

Jiya na tambaye ta yaushe ruwa zai iso gonata. Ta ce Talata, da muryar nan tata mai sanyi. Ga lokacin dashe ya kama. Ina yawo a keke ina cewa a ƙara kwana biyu. Na samu mutum ashirin da wani abu. Wasu sun ji, wasu sun ce yaushe na fi waya sani. Sauran ba zan kai gare su ba kafin Talata, na kuma san abin da za su tarar ranar Alhamis.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Salamatu da ta haife ka, da Rufaida, da 'yarka Hussaina, da manoman ƙarshen kanal da ba su ma san wanda suka rasa ba. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya raya abin da ka bari. Kai da ka sha rana don ruwa ya iso mana, Allah ya shayar da kai daga tafkin Alkausara ba tare da jira ba. Amin.

Surajo Kamilu, Tiga