Ranar da Suka Buga Mana Ƙarfe

Waina nake toyawa a ƙofar ɗakinmu, a barikin masu haƙar kuza da ke bayan Jos. Leburori suna yajin aiki, babu mai sauri. Maigidana Malam Sule yana ɗinke takalminsa. Shi ne heluman layinmu, mai kula da leburorin.

Kamfani yana da tsarinsa na gobara da ɓallewar dam. Duk wata sai an yi atisaye. Da an buga guntun ƙarfen layin dogo da ke rataye a ofis, kowa ya saki abin da ke hannunsa, ya bar ƙofa a buɗe, ya tafi fili. Ba sanda, ba diga. Kowane layi bayan helumansa, a ƙirga. Ni na tsani abin, ya sha ƙona mini waina. Malam kuwa tinƙaho yake, layinsa bai taɓa makara ba.

Da hantsi ƙarfen ya ɗauka. Na duba, babu hayaƙi. Rani ne, dam ya kusa ƙafewa.

"Malam, kada ka je."

"In da gaske ne fa? Mutanena za su neme ni."

Ya tafi. Ni na ƙi. Na goya jaririyata Hauwa, na laɓe bayan ɗaki ina leƙe.

Leburori sun jeru a fili hannu Rabbana. Motoci suka tsaya a bakin fili. Ƙartin da kamfani ya ɗauko suka diro da gorori da adduna.

"Kowa ƙasa!"

Ƙarar gora kamar ana sussukar dawa. Sai ihu. Wasu suka bi layi-layi suna cinna wa jinka wuta.

Na ga matan da suka rage a ɗakuna sun nufi fili, don can aka koya musu. Na tare su.

"Ba fili ba! Duwatsu!"

Muka bi ta tsofaffin ramukan kuza, ƙaya tana yagar ƙafa. Da azahar wata tsohuwa 'yar Birom ta ɓoye mu bayan rumbunta na acca, ta ba mu ruwa. Magariba ta yi mana a ƙauyen Kabong.

Daga baya mutanen kamfani suka ce gobara ce ta tashi, an bi ƙa'ida, turmutsutsu ya kashe mutane. Ƙarya suke. Da idona na gani, kuma ba zan daina faɗa ba sai an rufe ni.

An binne Malam ba na nan. Hauwa ta girma ba ta san muryarsa ba.