Inna Mai Caja da Wayar Babanmu

Kafin rana ta gama fitowa, Inna ta riga ta shigo ɗakin marasa lafiya na maza da bokitinta da tsumman goge ƙasa. Daga lungun taga take farawa, ta yi baya-baya har bakin ƙofa, tana gaida kowane gado, tana yi wa masu jinya faɗan ɓawon lemun da suka tura ƙarƙashin katifa. In ta gama sai ta wanke hannu ta jawo wata durowa a gindin teburin nas-nas. Wannan durowar ce ta sa aka manta sunanta na yanka, kowa sai Inna Mai Caja.

Cajojin waya ne a ciki, waɗanda aka sallami masu su suka tafi suka bari. Tun shekarun baya ta lura cewa mutum yakan iso asibiti a gigice, da waya amma babu caja, kafin yamma wayar ta mutu, shi ke nan ya yanke da gida. Sai ta fara tara waɗanda aka manta tana ba da aro. Matsalar ita ce rabin masu zuwa ba sa jin yarenta, Turanci kaɗai ke haɗa su, su ma masu shagunan waya da shi suke ciniki. Ita kuwa Inna ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba.

Sai ta kafa doka. Aro kyauta ne, amma sai ka faɗa mata sunan bakin cajar da Turanci, ta maimaita har ka ce ya yi. A haka ta san cewa mai faɗin kai da ake sokawa a soket shi ne yu-es-bi, mai ɗan tudu a gefe ɗaya maikuro, wanda kuma ke shiga ta kowace fuska taif-si. Mai kawuna uku ta fi ƙauna, wanda ake ce wa yunibasal. Babbar nas ta ce wata guda Inna ta yi tana kokawa da wannan kalmar, tana goge ƙasa tana nanata ta, har wani tsoho a gadon ƙarshe ya zaci addu'a take yi ya dinga amsa mata da amin.

Ni a kan Babanmu na san ta. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, muka kawo shi a ruɗe. Hannunsa mai lafiya kuwa yana damƙe da tsohuwar wayarsa mai madannai, wadda ta mutu tun a hanya, cajarta kuma ta salwanta a hargitsin fitowa. Ko wanka za a yi masa ba ya sakin ta. Abinci kuma ya ƙi shi sam, in an kai cokali sai ya juya fuska bango. Likita ya ce in ya ci gaba a haka za a zura masa robar abinci ta hanci, mu kuma mun san Baba, wannan zai karya masa zuciya fiye da ciwon.

Ƙanwata ce ta faɗa wa Inna dalili. Kafin mahaifiyarmu ta rasu, ƙanwar tawa ta taɓa naɗar muryarta a wayar cikin wasa, Baba kuma tun bayan rasuwar ba ya karya kumallo sai ya kunna ya ji. Inna ta zazzage durowarta a kan gado, ta gwada kawunan yunibasal ɗinta duka, babu wanda ya shiga, don ramin wayar ɗan siriri ne kamar na allura. Na ɗauki hotonsa na zaga shaguna, samarin da ke ciki suka duba suka girgiza kai, wasunsu ma wayar ta girme su.

Da na dawo hannu rabbana, Inna ta ce da ni, "Ɗan nan, hoto a shago ɗaya yake tsayawa. Suna shi ne ke tafiya, don mai shago zai ɗaga waya ya tambayi ɗan'uwansa. Bari mu nemo sunan."

Ta bi nas-nas, ta bi masu jinya, har ta tare mai gyaran na'urorin asibiti a kan matakala. Shi ya leƙa hannun Baba ya ce mata ana kiran wannan tin fin, wato siririn tsinke, ta kuma ƙara da ol model don a san tsohon yayi take nufi. Yinin ranar da kalmomin ta yi shara. Washegari ranar hutunta ce, amma mai gadi ya ce da hantsi ya gan ta ta nufi layin masu waya da takalminta na roba.

Mai shagon da ya taimake ta, wanda na je na yi wa godiya daga baya, ya ce an yi mata dariya a shaguna da dama, ita ma tana taya su, amma ba ta fasa faɗa ba. Shi da ya ji sunan sai ya kira wani tsohon abokin sana'arsa da ya daina fitowa kasuwa, aka tono cajar a ƙasan wani kwali, ƙura ta rufe ta.

Da la'asar ta shigo, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ba ta karɓi wayar daga hannun Baba ba. Durƙusawa ta yi ta soka tsinken cajar a ramin wayar tana nan cikin tafinsa, muka tsaya muna kallon fuskar wayar har ta kawo haske. Baba ya lalubo madannin da babban yatsa. Sai ga muryar mahaifiyarmu, da ɗan faɗan nan nata da muka saba:

"Malam, ka ajiye rediyon nan ka zo, abincinka yana hucewa."

Na yi kuka, ban ɓoye ba. Baba ya kunna ya sake kunnawa, sannan ya juyo daga bango ya kalli kwanon da ke hannun ƙanwata, ya buɗe baki. Ba a zura robar ba.

Inna, ke ce kika koyi yaren da ba naki ba da furfura a kanki, ba don takardar shaida ba, sai don kada wani ya kwana bai ji muryar nasa ba. Ke ce aka ɗauka aikin goge ƙasa kika haɗa da goge hawaye. Har yau in kin ce yunibasal sai kin ƙara masa wasali biyu, mu kuma naki muka fi so.

Ƙarshen watan nan Inna za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji. Ta danƙa durowar ga matar da za ta gaje ta, ta kuma zaunar da ita ta biya mata sunayen ɗaya bayan ɗaya. Mun gode, Inna, Allah Ya huta gajiya, Ya ba ki masu kula da ke kamar yadda kika kula da na wasu. Ku kuma da kuke da tsofaffin cajoji cunkushe a gida, ku kai su asibitin da ke kusa da ku, in an tambaye ku sunan kada ku yi dariya, ku faɗa a hankali.

Baba yana gida yanzu, magana tana dawowa kaɗan-kaɗan. Mun mayar wa Inna cajar ta ƙi karɓa, ta ce wannan ba ta aro ba ce. Tana nan a soket ɗin gefen gadonsa, kuma kullum da safe mahaifiyarmu ce ke kiran sa cin abinci.