Dutsen da Ke Shan Turare

Yayata Hadjara ta shekara ashirin da biyar tana dillancin gwal a Zongo. Da safe za ta ƙulle ƴan kunne da awarwaro a bakin zane, ta haye zemijan, wato acaɓa, gida-gida har unguwar Agoè. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma da ta ɗora dutse a harshe za ta faɗa maka na gaske ne ko kwalba. Yakutu, zumurrudu, lu'ulu'u, duk ta hannunta suka bi zuwa wuyan wasu. Ita kuwa tsakiyar roba ce a nata wuyan. In na tsokane ta sai ta ce ta ƙoshi da gani. Ƙarya take, ni na san ta.

Aminiyarta ɗaya ce, Balkissa, tun suna tallan koko. Ƴarta tilo ma sunan Balkissa ta sa mata. To sai Allah ya buɗa wa aminiyar a kasuwar gwanjo ta Hédzranawoé, ta je Dubai, ta dawo da sarƙa: shuɗin dutsen nan fairuz guda biyar, kowanne ƙananan lu'ulu'u sun kewaye shi. Hassada ta kama Hadjara har abinci ya daina shiga. Abin da ya fi ƙona mata rai, ko shawararta ba a nema ba.

"Jabu ne," Hadjara ta ce mini. "Wallahi plastik ne, ke dai bari."

Na ce, "Yaya, hassada ga mai rabo taki ce fa." Kwana uku ba ta yi mini magana ba.

Ranar wani suna a layinmu, da aka zo shafa wa baƙi turaren mai, Hadjara ta karɓe kwalbar. Duk Zongo babu wanda ya kai ta sanin cewa fairuz na gaske yana shan mai ya juye kore, jabu kuwa ko a jikinsa. Ta cika tafin hannu, ta rungume Balkissa, ta mulke mata wuya da sarƙar gaba ɗaya tana guɗa. Ina kallonta, kunya ta rufe ni.

Bayan wata biyu aka sa ranar auren ƴar Hadjara. Sai ga Balkissa ta yi sallama, ido jawur, ta kwance hankici. Duwatsun sun dushe, sun zama kore kamar miyar kuka.

"Ƴar'uwa, an cuce ni," ta ce. "Don takwarata na sayo bijun nan, ta sa ranar bikinta. Na ɓoye miki niyyata ne don ki yi mamaki, sau ɗaya ma na gwada shi a wuyana. Ashe jabu ne. Da ke na tambaya, da ban ji wannan kunya ba."

Hadjara ta karɓi sarƙar. Ba ta kai ta harshe ba.

"Na gaske ne, Balkissa."

"Ki daina lallashina. Na gaske zai canza kala?"

"Na gaske ne kaɗai ke canzawa, in ya sha turare."

Balkissa ta ɗaga hannu a hankali, ta shafa wuyanta, daidai inda aka mulke mata turaren.